Dakta Ralph Bunche (1904–1971): Marayan da 'Yan Unguwa Suka Yi wa Karo-karo

Gabatarwa

A kowace shekara idan 'ya'yan gari suka hallara taron ƙungiya, da wuya a watse ba a taɓo maganar tallafa wa ɗalibai ba. Wasu kan miƙa abin da ya sawwaƙa da zuciya ɗaya, wasu kuwa su bayar suna tambayar kansu ko ɗan abin da aka tara zai kai yaro ko'ina. Saboda masu wannan tambaya ne muka ga ya dace a bana mu tsallaka teku, mu ɗauko tarihin wani baƙar fata ɗan ƙasar Amurka, wato Dakta Ralph Johnson Bunche, wanda ake furta sunansa Banc. Shi ne baƙar fata na farko a duniya da ya karɓi lambar yabo ta Nobel, kuma ya shafe shekara 25 yana aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya, har ya kai muƙamin mataimakin Babban Sakatare. Amma kafin duk wannan, maraya ne da kakarsa ta rena, wanda sai da mutanen unguwarsu suka haɗa masa kuɗi sannan ya iya tafiya neman babban digiri. Duk wani mataki da ya taka a fagen ilimi, idan mai karatu ya duba da kyau, zai tarar da hannun wani a ƙarƙashinsa.

Haihuwa da maraici

An haifi Ralph Bunche ranar 7 ga Agusta, 1904, a birnin Detroit na jihar Michigan. Mahaifinsa, Fred Bunche, mai aski ne, mahaifiyarsa Olive kuwa mace ce mai sha'awar kiɗan fiyano. Gida ne na masu ƙaramin ƙarfi, inda ake zaune tare da ƙannen uwa da kawunnai, kuma ginshiƙin gidan ita ce kakarsa ta wajen uwa, Lucy Taylor Johnson, wadda jikoki ke kira Nana.

Yana ɗan shekara goma da 'yan kai tarin fuka ya kama mahaifiyarsa. Sai iyalin suka yi ƙaura zuwa Albuquerque a jihar New Mexico, da fatan busasshiyar iskar yankin za ta kawo mata sauƙi. Sauƙin bai samu ba. Mahaifin ya fita neman aiki bai komo ba, kuma Ralph bai sake sa shi a ido ba har abada. A 1917 mahaifiyar ta rasu, yaron bai cika shekara 13 ba. Daga nan Nana ta tattara shi da ƙanwarsa Grace da sauran iyali suka nufi birnin Los Angeles na jihar California, a can gaɓar yammacin ƙasar.

Ita wannan tsohuwa fara ce ƙwarai, har da ta so da ta saje da Turawa ta huta da wulaƙancin da ake yi wa baƙaƙe a wancan zamani, amma ta ƙi, ta kuma horar da jikokinta kan su yi alfahari da asalinsu ba tare da sun ƙullaci kowa ba. Lokacin da makaranta ta sa Ralph a ajin koyon sana'a, kamar yadda aka saba yi wa 'ya'yan baƙaƙe, sai ta taka da ƙafarta ta je ta tsaya kai da fata sai an mayar da shi ajin masu shirin shiga jami'a. Da ta yi shiru a wannan rana, da ƙila labarin ya ƙare a nan.

Makaranta da karo-karo

Ralph ya yi karatun sakandare a makarantar Jefferson, yana yi yana neman na kansa. Ya sayar da jarida, ya yi aikin shimfiɗa darduma a gidajen mutane, ya kuma yi yaron gida. Duk da haka ya kammala a 1922 a matsayin ɗalibin da ya fi kowa a ajinsu. Amma da aka zo zaɓen waɗanda za a sa cikin ƙungiyar haziƙan ɗalibai ta birnin, sai aka tsallake sunansa saboda launin fatarsa. Abin ya yi masa zafi har ya yi tunanin barin makaranta, tunawa da wahalar da kakarsa ta sha a kansa ce ta tsayar da shi.

Daga nan ya shiga reshen Jami'ar California da ke Los Angeles. Gwaninta a wasanni, musamman ƙwallon kwando, ita ta samar masa tallafin da ya biya kuɗin makaranta, sauran buƙatun yau da kullum kuwa da aikin shara da goge-goge ya riƙa biyansu. A 1927 ya fito da digiri mai daraja ta ƙoli a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma nan ma shi ne zakaran ajinsu.

Jami'ar Harvard ta ba shi gurbin karatun digiri na biyu tare da tallafi. Sai dai tsakanin Los Angeles da Harvard akwai tafiyar fiye da kilomita 4,000, ga kuɗin jirgin ƙasa, ga masauki, ga abinci, ga tufafin sanyi, gidansu kuwa babu halin ko ɗaya. A nan ne baƙaƙen fatar Los Angeles, bisa jagorancin wata ƙungiyar mata ta unguwa, suka kafa asusu suka yi karo-karo har suka tara masa dala 1,000. Yawancin baƙaƙen birnin a lokacin 'yan ƙwadago ne da masu aikatau a gidajen Turawa, amma da yayyafi kogi kan cika. Da wannan kuɗi ya kama hanya, kuma a 1928 ya sami digirinsa na biyu a kimiyyar siyasa.

Malanta da tafiya Afirka

A shekarar da ya gama ne Jami'ar Howard da ke Washington, wadda ita ce babbar jami'ar baƙaƙen fata, ta ɗauke shi koyarwa, inda ya kafa sashen kimiyyar siyasa ya kuma shugabance shi. A 1930 ya auri Ruth Harris, malamar makaranta, suka haifi 'ya'ya uku, mata biyu da namiji ɗaya.

Da ya koma neman digirin digirgir, sai ya zaɓi yin bincike kan mulkin mallaka a Afirka ta Yamma. Wannan karo Asusun Rosenwald ne ya ɗauki nauyinsa a 1932 zuwa 1933. Julius Rosenwald attajiri ne Bayahude, shugaban kamfanin Sears, wanda asusunsa ya taimaka wajen gina makarantu kimanin 5,000 don 'ya'yan baƙaƙe a kudancin Amurka, ya kuma riƙa ba haziƙansu tallafin zurfafa ilimi. Da wannan tallafi Bunche ya zo Togo da Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu. Dukansu biyu Faransa ke mulki, amma Dahome mallakarta ce kai tsaye, Togo kuwa tsohuwar mallakar Jamus ce da aka ba Faransa riƙo a madadin Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashen Duniya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tambayarsa ita ce, shin talakan da ke ƙarƙashin riƙon amana ya fi na mulkin mallaka jin daɗi? Abin da ya gano shi ne bambancin kaɗan ne, domin ƙungiyar da ta ba da amanar ba ta zuwa ta gani da idonta, rahoton wanda aka ba riƙon kawai take karantawa. Kundin ya ci lambar yabo a Harvard, kuma a 1934 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digirin digirgir a kimiyyar siyasa daga wata jami'ar Amurka.

Tsakanin 1936 da 1938 wani tallafin, daga Majalisar Binciken Kimiyyar Zamantakewa ta Amurka, ya kai shi Jami'ar Northwestern, da Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, da Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu. A Landan ya haɗu da Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya zama shugaban Kenya na farko, har Kenyatta ya koya masa harshen Suwahili. Ya zaga Afirka ta Kudu ya ga wariyar launin fata a gidanta, sannan ya zauna cikin ƙabilar Kikuyu a Kenya. Bayan dawowarsa ya yi aiki da masanin nan ɗan Suwidin, Gunnar Myrdal, a babban binciken da aka yi kan halin da baƙaƙe ke ciki a Amurka, wanda aka buga a 1944.

Ƙofar da aka daɗe da rufewa

Domin mai karatu ya fahimci girman abin da ya biyo baya, ya kamata ya san yadda aikin jakadancin Amurka yake a wancan zamani. Aiki ne na 'ya'yan masu hali, Turawa maza waɗanda suka fito daga 'yan tsirarun manyan jami'o'i. Tun 1869 aka tura baƙar fata na farko, Ebenezer Bassett, wakilci ƙasar Haiti, kuma a 1925 Clifton Wharton ya zama baƙi na farko da ya shiga aikin jakadanci ta hanyar cin jarrabawa. Amma 'yan ƙalilan ɗin da suka shiga, sai aka riƙa juya su tsakanin Laberiya da wasu ƙananan tsibirai, ba a kai su inda ake yanke manyan shawarwari.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tsaga bangon. A 1941 gwamnati ta buƙaci wanda ya san Afirka da ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, aka duba aka rasa kamar Bunche, sai aka ɗauke shi a ofishin tattara bayanan sirri. A 1944 ya koma Ma'aikatar Harkokin Waje, inda ya zama baƙar fata na farko da aka danƙa wa teburin kula da wani yanki na duniya. Ya halarci taron San Francisco na 1945 wanda ya haifi Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma yana cikin waɗanda suka tsara babukan kundinta da suka shafi ƙasashen da ba su sami 'yanci ba da yankunan riƙon amana. A 1946 Babban Sakatare na farko, Trygve Lie, ya nemi a ba shi aronsa ya shugabanci sashen riƙon amana. Aron da bai koma ba ke nan.

A sabon tsarin an toshe ɓarakar da Bunche ya gani a Togo. Majalisar ta sami ikon tura tawaga ta je ta ga yankin da idonta, mutanen yankin kuma suka sami damar kai koke kai tsaye, aka kuma rubuta ƙarara cewa manufar riƙon ita ce kai su ga mulkin kai ko cikakken 'yanci. Yankuna 11 aka sa cikin tsarin, bakwai daga ciki a Afirka suke, kuma na ƙarshensu, Palau, ya sami 'yanci a 1994. Wannan aiki ya taɓo mu a nan gida. Ƙasashen Mubi da Gwoza da Bama da Ganye suna cikin Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo a ƙarƙashin wannan tsari, kuma da kulawar Majalisar aka yi ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, inda jama'ar yankin suka zaɓi shiga Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna.

Falasɗinu da tsibirin Rhodes

Aikin da ya fito da sunansa duniya bai zo ta fannin Afirka ba. A 1947 aka sa shi cikin ma'aikatan kwamitin da Majalisar ta kafa kan rikicin Falasɗinu. Da aka ayyana kafa ƙasar Isra'ila a watan Mayun 1948 yaƙi ya ɓarke tsakaninta da ƙasashen Larabawa, sai Majalisar ta naɗa wani basarake ɗan Suwidin, Folke Bernadotte, mai shiga tsakani, Bunche ya zama babban na hannun damarsa. Ranar 17 ga Satumba, 1948, 'yan bindigar ƙungiyar Yahudawa ta Lehi suka tare ayarin Bernadotte a birnin Ƙudus suka harbe shi. An shirya Bunche zai kasance cikin motar, amma aka ɓata masa lokaci a hanya, sai wani hafsan sojan Faransa, Kanar André Sérot, ya zauna kusa da Bernadotte, aka kashe su tare. Mai sauran kwana ya tsira, nauyin shiga tsakanin kuma ya faɗo a wuyansa.

A watan Janairun 1949 ya tara wakilan Masar da na Isra'ila a wani otal a tsibirin Rhodes na ƙasar Girka. Da farko ɓangarorin biyu ko gaisawa ba sa yi. Dabararsa ita ce ya zauna da kowane ɓangare shi kaɗai, ya saurari abin da yake so da abin da yake tsoro, ya rubuta daftari, ya kai wa ɗaya ɓangaren, ya gyara, ya komo, sai magana ta nuna sannan ya haɗa su a teburi guda. Yakan fara da ƙananan batutuwan da ba su da wuyar amincewa, domin hannu ya saba da sa hannu. Yakan raba dare yana rubutu, kuma bai yarda a riƙa kai wa 'yan jarida abin da ake tattaunawa ba. An ruwaito cewa tun kafin a cimma matsaya ya sa aka ƙera farantan tangaran na tunawa da taron, ya nuna wa wakilan, ya shaida masu cikin raha cewa in sun sa hannu kowa zai tafi da nasa gida, in kuwa suka ƙi to a kansu zai farfasa su.

Bayan mako shida, ranar 24 ga Fabrairu, Masar da Isra'ila suka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta. Ta Labanan ta biyo baya ranar 23 ga Maris, ta Jodan ranar 3 ga Afrilu, ta Siriya kuma ranar 20 ga Yuli, duk a ƙarƙashin kulawarsa. Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce, waɗannan yarjejeniyoyi sun tsayar da harbi ne kawai. Ba su mayar da Falasɗinawa kimanin 700,000 da yaƙin ya raba da gidajensu ba, ba su kuma warware maganar Ƙudus ba, kuma yawancin iyakokin da suka shata sun rushe a yaƙin 1967. Abin da aka ɗora masa shi ne ya kashe wutar da ke ci a lokacin, ya kuwa kashe ta. Sulhu na dindindin da aka yi fatan zai biyo baya bai zo ba.

Nobel, Suwez da Kwango

A 1949 Shugaba Harry Truman ya yi masa tayin muƙamin mataimakin sakataren harkokin waje, amma ya ƙi karɓa, domin ba ya son ya mayar da 'ya'yansa birnin Washington, inda a lokacin ake ware baƙaƙe a makarantu da gidajen abinci da unguwanni. A 1950 aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya. Da farko ya yi niyyar mayar da ita, bisa ra'ayinsa cewa ma'aikacin Majalisar bai kamata a ba shi lada na musamman don ya yi aikinsa ba, sai da Trygve Lie ya nuna masa cewa karɓar za ta ɗaga martabar Majalisar sannan ya amince. Kakarsa Nana ba ta kai ga ganin wannan rana ba. Ɗaukakar kuma ba ta hana shi shan tuhuma ba, domin a zamanin farautar 'yan gurguzu a Amurka an gurfanar da shi gaban kwamitin bincike, wanda ya wanke shi sarai a 1954.

A rikicin mashigin Suwez na 1956, lokacin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar, shi ne Babban Sakatare Dag Hammarskjöld ya ɗora wa aikin haɗa rundunar kiyaye zaman lafiya ta farko mai ɗauke da makamai, sojoji kimanin 6,000 daga ƙasashe goma. Tun daga wannan runduna aka san sojan Majalisar da shuɗiyar hular kwano. Ƙa'idojin da aka kafa a lokacin, wato shiga da yardar mai ƙasa, da rashin ɗaukar ɓangare, da hana harbi sai don kare kai, su suka zama harsashin aikin.

Kwango ce ta fi ba shi wuya. Ya je bikin 'yancin ƙasar ranar 30 ga Yuni, 1960, sai ga sojoji sun yi bore, Beljiyam ta maido da dakarunta, lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle. Bunche ya zama wakilin Babban Sakatare a ƙasar. Firayim Minista Patrice Lumumba ya so sojojin Majalisar su murƙushe 'yan awaren Katanga da ƙarfi, Bunche kuwa ya tsaya kan cewa izinin da Kwamitin Sulhu ya bayar bai kai nan ba. Suka ɓata, ya bar ƙasar a ƙarshen Agusta, kuma a Janairun 1961 aka kashe Lumumba. 'Yan kishin Afirka da yawa sun zargi Majalisar da sakaci a wannan lamari, zargin kuma ya shafi Bunche. Ya ci gaba da kula da rundunar daga hedkwata har 1964. Sojojin Nijeriya sun yi aiki cikinta, har da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Olusegun Obasanjo suna ƙananan hafsoshi, kuma Janar Aguiyi-Ironsi ne kwamandanta na ƙarshe.

Gida bai ƙoshi ba

Mutumin da sarakuna da shugabanni ke karɓa da girmamawa, a ƙasarsa bai tsira daga wariya ba. A 1959 wani kulob na wasan tanis a birnin New York ya hana shi da ɗansa rajista saboda launinsu, sai da maganar ta fasu a jaridu aka ba shi haƙuri. Ya halarci babban gangamin Washington na 1963, kuma a 1965, duk da rashin lafiya, ya yi tattakin Selma zuwa Montgomery a sahun gaba tare da Martin Luther King, don neman wa baƙaƙe 'yancin jefa ƙuri'a. Duk da haka wasu matasa masu zafin ra'ayi sun ɗauke shi ɗan lelen Turawa, wanda ake nunawa don a rufe bakin masu kuka. A 1963 aka ba shi lambar 'yanci ta shugaban ƙasa.

Ya ci gaba da ɗawainiyar rikicin Yaman da Kubrus da Kashmir, ciwon suga na cinsa har ganinsa ya yi rauni ƙwarai. A 1971 ya ajiye aiki, kuma ranar 9 ga Disamba na wannan shekara ya rasu a New York yana da shekara 67. Akwai wani ɗan dandali daura da hedkwatar Majalisar da aka sa wa sunansa, haka kuma a 1997 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta raɗa wa ɗakin karatunta sunansa.

Guraben da suka biyo sawunsa

Bunche ya shiga, amma shigar mutum ɗaya ba ta sauya fuskar ma'aikata. Shekaru bayan rasuwarsa, baƙaƙe da sauran tsiraru da 'ya'yan talakawa sun ci gaba da zama ƙalilan a aikin jakadancin Amurka. A 1980 majalisar dokoki ta sa cikin doka cewa wajibi ne ma'aikatan jakadanci su zama madubin al'ummar ƙasar baki ɗaya. Sai dai doka ba ta biyan kuɗin jami'a, ba ta kuma koya wa yaro hanyar da babu wanda ya taɓa bi a danginsu. Wannan ne ya sa aka koma ga irin tsanin da Bunche ya taka, aka mayar da shi tsari.

A 1986 ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta Amurka, wadda Bunche ya taɓa shugabanta, ta buɗe makarantar bazara da sunansa don shirya ɗalibai 'yan tsiraru shiga karatun babban digiri. A 1992 Ma'aikatar Harkokin Waje ta ƙirƙiro shirin tallafin da aka sa wa sunan Thomas Pickering, wanda ya yi jakadan Amurka a Nijeriya daga 1981 zuwa 1983. A 2002 aka sanar da wani shirin mai sunan Charles Rangel, baƙar fata ɗan majalisa daga unguwar Harlem, aka danƙa gudanar da shi ga cibiyar harkokin ƙasa da ƙasa ta Jami'ar Howard, wadda ke ɗauke da sunan Ralph Bunche. A 2012 hukumar raya ƙasashe ta USAID ta kafa nata da sunan ɗan majalisa Donald Payne.

Yadda aka gina shirye-shiryen abin lura ne. An tsara a zaɓi ɗalibi bisa hazaƙa da kuma buƙata, a biya masa karatun digiri na biyu na shekara biyu tare da kuɗin guzuri, a tura shi koyon aiki sau biyu, ɗaya a Washington ɗaya a wani ofishin jakadanci a ƙetare, a kuma haɗa shi da gogaggen jami'in da zai riƙa yi masa jagora. Shi kuma ya ɗauki alƙawarin yin aikin jakadanci na aƙalla shekara biyar. Wato an haɗa kuɗi da horo da ubangida da alƙawari wuri guda. Amma abin da gwamnati ta kafa, gwamnati na iya rushewa. A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin kawo ƙarshen shirye-shiryen daidaita wakilcin jinsi da launi a ma'aikatun tarayya, a cikin shekarar kuma aka wargaza hukumar USAID, shirin Payne ya tafi da ita.

Kammalawa

'Yan uwa, mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya har ya shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata. Hajiya Amina Mohammed ta zama mataimakiyar Babban Sakatare a 2017, Farfesa Tijjani Muhammad-Bande kuma ya shugabanci Babban Zauren Majalisar a 2019. Abin tambaya shi ne, yara nawa ne a garinmu suka san akwai aikin da ake kira jakadanci, balle su san darussan da ake karantawa da jarrabawar da ake zaunawa kafin a shige shi?

Tarihin Bunche ya nuna mana inda aikin yake farawa. Harvard da Rosenwald sun tallafa masa, amma sun same shi ne bayan wata tsohuwa ta hana a karkatar da shi daga ajin jami'a, bayan kuma matan unguwa sun biya masa kuɗin hanya. Manyan guraben karatu na gwamnati da na ƙasashen waje ba sa zuwa ƙauye neman yaro. Sai wanda ya sami kuɗin fom, da kuɗin fasfo, da kuɗin mota zuwa wurin ganawa, da wanda zai duba masa takardar neman gurbi, shi ke kaiwa bakin ƙofarsu. Waɗannan kuwa ba su fi ƙarfin ƙungiya irin tamu ba. Muna kira ga masu hali su ƙara buɗe hannu ga asusun ilimi, ga ma'aikatanmu na birane, masu ci da masu ritaya, kowa ya riƙi ɗalibi ɗaya ya zame masa jagora, ga ɗaliban da aka tallafa wa kuma su riƙa waiwayen na bayansu. Kada a manta da 'ya'ya mata da marayu wajen zaɓe, kada kuma a duba gidan da yaro ya fito.

Matan Los Angeles da suka tara dala 1,000 a 1927 ba su san za a je Rhodes ko a karɓi Nobel ba. Yaron unguwa suka gani mai ƙoƙari, ba shi da uwa ba shi da uba a kusa, suka ce ɗa na kowa ne. Allah ya albarkaci zuri'armu, ya ba mu ikon riƙe amanar marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, ya ɗaukaka garinmu da ƙasarmu baki ɗaya, amin.